Motar Rimot Ta Ƙi Tashi: Yadda Ake Bin Wuta Daga Batir Har Zuwa Taya

Ranar wata Asabar ɗan yayata ya shigo mini da motarsa ta rimot a rungume, ido ya yi ja. "Kawu, ta mutu. An ce sai an sake mata inji." Na ce ya ajiye ta a kan tabarma ya miƙo mini mita. Ko minti biyar ba mu yi ba muka gano cewa injin lafiyarsa ƙalau. Ƙwaya ɗaya ce daga cikin biyun da ke cikin batirin ta faɗi, ɗaya tana nuna bolt 3.9, ɗayar 3.1. Da an bi shawarar da aka ba shi, da an sayi inji, an ɗaura, mota ta ci gaba da zama a inda take.

Abin da nake so ka riƙe shi ne wuta hanya ɗaya take bi a jikin motar nan. Daga batir ta shiga fulogi, daga fulogi ta shiga na'urar sarrafa gudu da ake kira ESC, daga nan ta rabu biyu: babbar wuta ta tafi inji, ƙaramar ta tafi risiba, mai karɓar saƙon rimot, da sarbo, wato ɗan akwatin da ke juya sitiyari. Kai ma haka za ka bi ta, daki-daki, kana aunawa, kuma kada ka taɓa abu biyu a lokaci ɗaya, don in ta tashi ba za ka san wanne ne ya gyaru ba.

Kafin ka taɓa komai

Ɗora motar a kan bulo ko gwangwani yadda tayoyi huɗun ba sa taɓa ƙasa. Mota mai injin da ba shi da burushi, wato kabon da ke goga wuta a cikin inji, tana iya fizgewa daga tebur kafin ka ƙifta ido, kuma giyarta tana yanka yatsa. Ka tanadi mita mai auna bolt, irin ta masu gyaran rediyo, da alanki, da tsohon burushin haƙori, da bokiti ɗaya na busasshen yashi a kusa. Ka'idar kunnawa kuma ba ta canzawa: rimot ne farkon kunnawa, shi ne ƙarshen kashewa.

Mataki na farko: batirin rimot

Wannan ba ya ɗaukar lokaci, amma shi aka fi mantawa. Yawancin rimot na yanzu batir huɗu na AA suke ci. In fitilarsa tana ƙyaftawa ko ta dushe, ko mota tana jin magana a kusa amma ta daina da ta ɗan yi nisa, sa sababbi duka huɗun, kada ka gauraya tsoho da sabo. Leƙa cikin gidan batirin. In ka ga farin gari a kan ƙarafan, tsohon batir ne ya zubar da ruwa. Goge shi da auduga da ɗigon ruwan lemun tsami, ka bari ya bushe sarai.

Mataki na biyu: batirin mota

A nan za mu daɗe, domin a nan yawancin ciwon yake.

Fara da sanin irin batirin da ke hannunka, a jikinsa aka rubuta. NiMH ƙwayoyi ne masu siffar ganga, kowace bolt 1.2, shida a jere su ba da 7.2. LiPo kuwa shimfiɗaɗɗe ne, kowace ƙwaya bolt 3.7 a suna, 4.2 in ta cika. In ka ga 2S, ƙwaya biyu ke nan, 7.4 a suna, 8.4 a cike. 3S ƙwaya uku, 11.1 a suna, 12.6 a cike. Wasu ƙananan motocin suna zuwa da ƙwayoyin lithium masu ganga irin 18650, waɗanda su ma 4.2 ne cikarsu, kuma kulawar LiPo ake ba su.

Duba shi da ido da hannu tukuna. Batirin LiPo mai lafiya a miƙe yake, da tauri. In ya kumbura kamar fanke, ko kusurwarsa ta lotse sakamakon karo, ko kana jin wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadari, aikinsa ya ƙare. Kada ka matse shi, kada ka huda shi don iskar ta fita. Na san batir yana da tsada, na san zafin jefar da shi, amma wutar lithium ba irin wutar kara ba ce. Tana tashi ne farat ɗaya da hayaƙi mai guba, kuma ɗakin da yara ke kwana ba wurin gwada sa'a ba ne.

In jikinsa lafiya, sai awo. Juya mita zuwa bolt na DC, a kan 20. Auna babban fulogin ka rubuta abin da ka gani. Amma jimilla tana ɓoye gaskiya. Batirin ɗan yayata 7.0 ya nuna a babban fulogi, wanda mutum zai ce caji ne kawai ya yi ƙasa. Sai an je ga ƙaramin farin fulogin nan mai siraran wayoyi, na daidaita ƙwayoyi, ake ganin kowace ƙwaya ita kaɗai. A 2S ramuka uku ne, a 3S huɗu. Ka auna tsakanin rami na ɗaya da na biyu, sannan na biyu da na uku, haka har ƙarshe. Yi a hankali, kada bakin allurar mita biyun su haɗu, don ramukan sun matsu da juna. Akwai wata 'yar na'ura mai araha da ake soka wa wannan fulogin ta nuna kowace ƙwaya, tana kuma yin ƙara in wuta ta yi ƙasa. Duk mai LiPo ya kamata ya mallake ta.

Ga yadda za ka karanta abin da ka samu. Bayan cikakken caji, ƙwayoyin su kasance kusan daidai, bambancin bai wuce 0.02 ko 0.03 ba. In ya kai 0.1, yi cajin daidaitawa a hankali ka sake aunawa. In bayan wasa ɗaya ƙwayar nan ta sake faɗuwa ita kaɗai, ta gaji. Ƙwayar da ta sauka ƙasa da 3.0 ta ji ciwo, kuma caja mai hankali ma takan ƙi karɓarta. Za ka ji masu cewa a yaudari cajar, a sa ta a tsarin NiMH na ɗan lokaci don a farfaɗo da ita. Ni ba na yi, ba na kuma ba kowa shawarar yi. Ƙwayar da ta daɗe a ƙasa ta lalace daga ciki, ko da ta sake nuna lamba mai kyau.

Akwai kuma batirin da ke nuna lafiya a zaune amma ya durƙushe da an ɗora masa kaya. Alamarsa ita ce mota ta tashi da ƙarfi, bayan minti ɗaya ko biyu ta yi sanyi ko ta tsaya, ka kashe ka kunna ta sake tashi na ɗan lokaci. Don ka tabbatar, bar 'yar na'urar awon a soke, ka riƙe motar a ƙasa da hannu ta sama, ka ɗan ja totur na daƙiƙa biyu. In lamba ta zube daga 4.1 zuwa 3.3 nan take, batirin ya tsufa, ko kuma ya yi wa injin ƙanƙanta tun asali. Lambar C da ake rubutawa a jiki ita ce ke nuna yawan wutar da zai iya saki, sai dai masu sayarwa sukan ƙara mata gishiri, don haka awonka ya fi rubutunsu.

NiMH ya fi haƙuri. Mai ƙwaya shida da aka sauke daga caji yanzu yakan nuna sama da bolt 8. In ya tsaya a wajen 7 bayan cikakken caji, wataƙila ƙwaya ɗaya ta mutu. Yana zubar da cajinsa a ajiye, saboda haka wanda ya yi wata biyu a kwaba ba lallai ya lalace ba. Caja shi a hankali, ka yi wasa da shi, ka maimaita sau biyu ko uku, sau da yawa yakan dawo. A ƙarshen caji zai yi ɗumi, wannan daidai ne. In ya yi zafin da ba ka iya riƙe shi, cire.

Caja ma abin tuhuma ce

Sau da yawa batir ba shi da laifi, ba a cika shi ba ne. 'Yar cajar USB da ke zuwa cikin kwali tana iya nuna kore alhali ƙwayoyin suna 3.9. Mita ce za ta raba gardama. In kana da caja mai allo irin iMAX B6, duba abu uku kowane lokaci: nau'in batir, yawan ƙwayoyi, da ampiya. Ka'idar da ba ta cutarwa ita ce 1C, wato batir mai 1500mAh a caja shi a ampiya 1.5, mai 5000mAh a ampiya 5. Zaɓi tsarin da allon ya rubuta BALANCE, ka soka fulogi biyun, babba da ƙarami. In allon ya rubuta CONNECTION BREAK, waya ce ta saki a wani wuri, galibi a ƙaramin fulogin, inda ake jan wayoyi maimakon a kama kan robar.

Irin wannan cajar tana karɓar wutar DC daga bolt 11 zuwa 18, kuma wannan alheri ne a wurinmu. Maimakon ka dogara da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, ko janareton da ke hawa yana sauka, kana iya jona ta da batirin babbar mota ko na sola mai bolt 12. Sai dai ka yi cajin a ƙasa, a kan siminti, nesa da motar da labule da katifa. Ni a cikin tsohuwar tukunyar ƙasa nake sa batirin, a tsakar gida cikin inuwa, bokitin yashi a gefe, kuma ba na barin gidan sai ya gama.

Mataki na uku: fulogi, waya da makunni

Batir ya wuce gwaji? To bi waya da yatsa. Ja kowace a hankali a inda ta shiga fulogi. Wani lokaci roba tana nan lafiya amma tagullar ciki ta karye, sai ka ji wurin ya yi laushi. Duba bakin fulogin: baƙi-baƙi, ko robar da ta narke, alamar yana zafi ne saboda bai kama da kyau ba. Farin fulogin nan na tsohon yayi da ake kira Tamiya an yi shi ne tun zamanin da motoci ba sa jan wuta da yawa. A kan inji mai ƙarfi bakinsa yakan buɗe ya riƙa zafi. XT60 ko Deans sun fi riƙe wuta.

In za ka canza fulogin batir, ga gargaɗin da ba na gajiya da maimaitawa: waya ɗaya ake yankewa, a yi mata dalma, a rufe ta, sannan a taɓa ta biyun. Wanda ya sa almakashi ya datse ja da baƙa tare ya haɗa wuta da bakin ƙarfen. Kuma ka tabbata ja ta tafi inda alamar + take. Yawancin ESC ba su da kariya daga juyin waya. Daƙiƙa ɗaya ta isa ta ƙone su. Wayar batir tana da kauri, ƙaramin ƙarfen dalma na gyaran waya ba ya narkar da ita yadda ya kamata, sai a samu ɗauri mai dusashen launi wanda zai saki a karo na farko. Nemi ƙarfe mai wat 60 ko sama, ko ka kai wa mai gyaran rediyo ka tsaya a kansa ka nuna masa wacce ce wacce.

Makunnin ESC ɗan ƙaramin abu ne da ƙurar hunturu ke so. In mota tana mutuwa da ta yi tsalle ko ta hau gargada, kunna ta a kan bulo ka riƙa motsa makunnin da wayoyinsa. In fitila ta ɗauke, ka kama ɓarawon.

Mataki na huɗu: risiba da sarbo

Kunna rimot, kunna mota, ka kalli abin da ya faru, domin alamomin suna nuna hanya.

In babu fitila ko ɗaya, babu motsi, wuta ba ta wuce ESC ba. In ESC ya kawo fitila amma risiba bai kawo ba, auna a wani ramin risiba da ba a amfani da shi: ƙarfen tsakiya shi ne +, na gefen waje galibi shi ne −. Ya kamata ka ga bolt 5 zuwa 6, wanda wani sashe na ESC mai suna BEC yake samarwa. In babu, zare fulogin sarbo ka sake aunawa. Sarbon da ya ƙone yana iya shanye wutar duka. In ta dawo da ka zare shi, shi ne mai laifin.

In fitilar risiba tana ƙyaftawa, bai gane rimot ba. Na'urorin 2.4GHz sai an ƙulla su da juna, kuma kowane kamfani da yadda yake yi, wasu da maɓalli, wasu da ɗan fulogi. Bi takardar motarka. Tsofaffin masu 27MHz kuwa ƙaramin kiristal suke amfani da shi, na rimot da na risiba dole lambarsu ta zama ɗaya, kuma yakan fashe a karo.

In sitiyari yana aiki amma mota ba ta tafiya, ko akasin haka, ga gwajin da ba ya cin ko kwabo. Sarbo yana rami na 1, ESC yana na 2. Musanya su, tayoyi a sama. In yanzu jan totur yana juya sitiyari, to rimot da rami na 2 lafiya suke, matsalar tana ESC ko inji. In sarbon da ke aiki ɗazu ya yi shiru a rami na 2, laifin na risiba ne ko rimot. Ka lura da yadda fulogin ke shiga: baƙa ko ruwan ƙasa −, ja +, fara ko ruwan lemo ita ce ta saƙo.

Wani ciwon mai rikitarwa shi ne mota ta ɗauke na ƙiftawar ido duk lokacin da ka karya sitiyari da ƙarfi. Sarbo ne ke jan wuta fiye da abin da BEC zai iya bayarwa, sai risiba ya suma ya farfaɗo. Fara duba ko sandunan sitiyarin sun cije da yashi, sannan ka rage iyakar juyawa a rimot don kada sarbo ya riƙa tura abin da ya riga ya kai ƙarshe yana gurnani.

Ƙananan motoci masu araha, irin wasu na WLtoys, sun haɗa risiba da ESC a allo ɗaya, sarbonsu kuma mai waya biyar ne. A kansu gwajin musanya ba zai yiwu ba, kuma in allon ya ƙone gaba ɗayansa ake canzawa.

Mataki na biyar: ESC da inji

Kafin ka yanke wa ESC hukunci, duba ɗan maɓallin daidaita totur a rimot. Yara suna son murɗa shi. In bai tsaya a tsakiya ba, ESC zai ƙi sakin wuta da gangan, yana ƙyafta fitila, don kada mota ta fizge. Mayar da shi sifili, in ya cancanta ka sake koya wa ESC tsakiya da cikakken totur da birki yadda takardarsa ta nuna.

Sai tsarin batir. ESC yana da kariyar da ke yanke wuta in ƙwayar LiPo ta sauka wajen 3.2. A wasu, kamar Hobbywing QuicRun 1060, ɗan fulogi ne ake matsarwa tsakanin LiPo da NiMH. In ka sa NiMH alhali yana tsarin LiPo, mota za ta riƙa yankewa da wuri. In ka sa LiPo yana tsarin NiMH, ba abin da zai tsayar da shi har sai batirin ya zube ƙasa da 3.0. Da muka bincika ta ɗan yayata, abin da ya kashe ƙwayar ke nan.

Inji mai waya biyu mai burushi ne. Zare wayoyinsa daga ESC ka taɓa su kai tsaye da batir na daƙiƙa ɗaya. In ya juya da ƙarfi, ESC ne ya samu matsala. In sai ka tura shi da yatsa yake tashi, kabon ɗinsa ya cinye ko amecar ta yi datti. Mai waya uku kuwa, wato marar burushi, kada ka kuskura ka jona shi kai tsaye. Zare wayoyin uku, kada su taɓa juna, ka juya sandar da hannu. Ya kamata ta juya sumul da ɗan tsalle-tsallen maganaɗisu. Haɗa biyu daga cikinsu ka sake juyawa, za ka ji ta yi nauyi. Gwada kowane biyu. In wani haɗin bai yi nauyi ba, waya ta tsinke a ciki. Injin da ke kakkarwa ya kasa tashi galibi ɗaya daga wayoyin nan ce ta saki. In yana juyawa baya, musanya kowace biyu, amma banda mai ƙarin siririyar wayar sensa, shi a saitin ESC ake juya shi.

In inji yana kuka amma taya ba ta motsi, ba lantarki ba ne. Duba ɗan sukurun da ke riƙe ƙaramar giya a sandar inji, da haƙoran babbar giyar.

Zafi

Takardun motocin nan an rubuta su ne a ƙasashen da zafin rana bai kai namu ba. A watan Afrilu, lokacin da Kano da Sakkwato da Maraɗi ke haura digiri 40, inji yana fara aiki ne da zafinsa tun kafin a ja totur. In mota ta yi minti biyar ta tsaya, ta huta ta sake tashi, kuma batir ya nuna lafiya, kariyar zafi ce ta ESC. Ɗora yatsa a jikin inji: in ba ka iya ƙirga uku ba, ya yi yawa, kuma wuce digiri 80 yana raunana maganaɗisun. Cire ƙaramar giya ka tura motar da hannu. In tana cijewa, boris ne ya sha ƙura ko zare ya naɗe a gindin taya. Tsakanin giya biyun a bar ɗan sarari, gwargwadon kaurin takarda ɗaya. In duk wannan lafiya, sa ƙaramar giya wadda haƙoranta suka gaza na yanzu da biyu, ka goge ƙurar da ta toshe fankar ESC, ka koma wasa da safe ko bayan la'asar.

Da an gama wasa, zare batirin daga mota, kada ka dogara da makunni, don wasu ESC suna ci gaba da tsotsar wuta kaɗan-kaɗan har su kashe shi cikin kwanaki. In zai kwana fiye da biyu ko uku ba a yi amfani da shi ba, sa caja a tsarin STORAGE ta kai kowace ƙwaya wajen 3.8, ka ajiye shi a wuri mai sanyi, ba cikin but ɗin mota ba, ba kuma a ɗakin kwanon da rana ke dafawa ba. Wanda ya kumbura kuwa, fitar da shi waje, jona masa ƙwan fitilar mota mai bolt 12 a kan yashi har ƙwan ya mutu, bar shi a jone kwana ɗaya, auna ka ga sifili, sannan ka naɗe bakin wayoyin ka kai inda ake karɓar matattun batura, kada ya shiga sharar da za a cinna wa wuta.